Naman nan yana da rai? Tarihin yadda likitoci suka koyi ganin jini a ƙarƙashin fata

  

Maganar yau ta shafi iyayenmu mata, kuma akwai kalmomin da ba mu saba furtawa a bainar jama'a ba, to a gafarce ni tun daga farko. Za mu yi tarihin aikin sake gina mama bayan an cire shi saboda ciwon daji, amma ta wata ƙofa da ba a cika shiga ba: yaya likita yake sanin naman da ya ɗauko ya dasa yana samun jini?

Kowa ya danna farcen babban yatsansa yanzu. Ya yi fari ko? To a saki. Kafin ka ƙirga biyu launi ya dawo. Wannan ɗan wasan da kuka yi tsohon awo ne a wannan fanni, kuma har gobe likitoci ba su bar shi ba. Duk injinan da zan ambata, amsar wannan tambaya guda suke nema, ko jini yana shiga, ko kuma yana fita.

Manomin fadama ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ka ja ruwa daga gulbi ka rarraba shi fangali-fangali, fangalin da ke can ƙarshe shi ne ke fara nuna ƙishi. In kuma ruwan ya shiga bai sami mafita ba, shuka ta ruɓe. Haka nama yake. Akwai jijiyar da ke kai masa jini, akwai wadda ke maido da shi, kowace ta toshe an yi asara. Likitocin gyaran jiki suna da faci iri biyu. Akwai siririyar fata da ake shafto wa daga cinya a shimfiɗa a kan rauni, ta jira ƙasan ya ciyar da ita. Akwai kuma faci mai kauri, fata da kitse, wani lokaci har da tsoka, wanda dole a taho da shi da jijiyarsa kamar yadda ake ciro dashe da saiwarsa. Mama ba ya ginuwa da siririyar fata, sai da mai kaurin. Nan wahalar take.

Dabarar kanta tsohuwa ce ƙwarai. A Indiya, littafin Sushruta ya bayyana yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kumatu, a bar gefe ɗaya a manne don kada ta mutu. A 1597 wani likitan Bolonya ta Italiya, Gaspare Tagliacozzi, ya wallafa yadda yake gina hanci da fatar damtse: a ɗaure hannun mutum a jikin kansa makonni, sai fatar ta kama sannan a yanke ta daga hannun. Abin mamaki, duk wannan an yi shi ne kafin William Harvey ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki a 1628, ko da yake Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya riga ya gano cewa jini yana bi ta huhu. Wato hannu ya riga ilimi isa. Sun san in an yanke duka nama zai mutu, dalilin ne ba su gama sani ba.

Ciwon dajin mama shi ma sananne ne tun da. Al-Zahrawi, babban likitan fiɗa na Andalus, ya yi magana a kan cire shi tun yana ƙarami, ya kuma nuna in ya tsufa ya yaɗu aiki ba ya amfani. Shekara dubu ke nan, kuma maganar tana nan daram.

Wanda ya kafa yadda za a yi aikin a zamanance shi ne William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1894. Aikinsa babu sassauci: a cire maman, a cire tsokar ƙirji da ke ƙarƙashinsa, a kwashe kaluluwar hammata. Ya ceci rayuka, wannan ba a musu. Amma yana barin ƙirji a rame har ana ƙirga haƙarƙari, kuma shi Halsted bai goyi bayan sake ginawa ba, yana tsoron kada facin ya ɓoye ciwon in ya dawo. Girman sunansa ya sa maganarsa ta zama kamar doka, ta danne fannin fiye da shekara sittin.

Duk da haka akwai waɗanda suka gwada. A 1895 Vincenz Czerny a Jamus ya cire wa wata mata ƙari a mama, ya ɗauko wani kumburin kitse da ke bayanta ya cike gurbin. Amma wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Iginio Tansini, ɗan Italiya. A 1896 ya juyo da fatar baya ta ƙarƙashin hammata ya rufe ƙirji, sai ya ga bakin facin yana baƙi yana mutuwa. Bai ce ƙaddara ce ya wuce ba. Ya koma ya binciki inda jinin fatar ke fitowa, ya tarar jijiyoyin ta cikin faffaɗar tsokar baya suke ratsowa. A 1906 ya dawo da gyara, a taho da fatar tare da tsokar. Facin ya rayu. Sai duniya ta manta da aikin, ba a sake tono shi ba sai a shekarun 1970, kuma yau yana cikin hanyoyin da aka fi dogara da su.

Irin wannan mantuwa ta faru fiye da sau ɗaya. A 1889 wani ɗalibin likitanci a Sitirasbag, Carl Manchot, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya zana taswirar jijiyoyin fatar mutum daga kai har ƙafa. A 1936 Michel Salmon a Marsel ta Faransa ya ɗura wa jijiyoyin gawa ruwa mai haɗin dalma ya ɗauke su hoton eksire, sai ga su kamar rassan bishiya. Na farko ya yi rubutu da Jamusanci, na biyu da Faransanci, ba a fassara su zuwa Ingilishi ba sai a 1983 da 1988. Ku duba fa. Taswira tana ajiye a kan kanta tana shan ƙura, likitoci kuma suna ta lalube saboda bambancin harshe. Mu da muke kukan an bar Hausa a baya a ilimi, ashe su ma abin ya taɓa cin su.

To da me suke aiki a tsakanin nan? Da haƙuri da lissafin tela. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harold Gillies a Ingila ya riƙa naɗe fata kamar hannun jaka, kan biyu a manne, ya bar ta makonni, sannan ya cire kai ɗaya ya dasa a gaba. Haka fatar ciki za ta yi ta tafiya zango-zango, ta hau wuyan hannu, daga nan ta isa fuska ko ƙirji, watanni ana abu ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar da kowa ya haddace, cewa tsawon faci kada ya zarce faɗinsa da yawa. Sai a 1970 Stuart Milton ya nuna da gwaji a jikin aladu cewa ƙa'idar ba ta da tushe. Abin da ke raya faci shi ne ko akwai jijiya mai kyau a cikinsa, faɗi bai dame shi ba.

Daga nan abubuwa suka zo da gudu. A 1962 an sa wa mace ta farko jakar silikon a Hustan. Manyan gwaje-gwaje a Amurka da Italiya suka nuna ba dole sai an yi yankan Halsted ba, aka fara barin tsoka da fata. A 1973 a Melbon ta Ostareliya, Rollin Daniel da Ian Taylor suka cire faci gaba ɗaya daga matsematsi suka kai shi ƙafa, suka jona jijiyoyinsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma da zare wanda ya fi gashi siranta. A 1982 Carl Hartrampf a Atalanta ya gina mama da fata da kitsen mara tare da tsokar ciki. A 1989 Isao Koshima a Japan ya nuna ana iya bin 'yar jijiyar a zare ta daga cikin tsoka a bar tsokar a wurinta, a 1994 kuma Robert Allen ya yi amfani da haka wajen gina mama. Shi Taylor ɗin nan, a 1987, ya sake aikin Salmon ya raba jiki yanki arba'in, kowane yanki da jijiyar da ke shayar da shi, tamkar gonaki da magudanansu.

Amma kun ga, kowane ci gaba sai ya ƙara wa tambayarmu nauyi. Nama mai nauyin rabin kilo ko fiye ya dogara ga jijiya ɗaya ko biyu da ba su wuce kaurin tsinken ashana ba. Fatar ƙirjin da aka bari kuma an rarake ƙarƙashinta, ta yi siriri. A rahotannin asibitoci, mutuwar wani sashe na wannan fata tana kamawa daga kashi 5 har zuwa kashi 30 cikin ɗari na ayyukan. Kuma ba maganar kyau kawai ba ce. In fata ta mutu rauni ya buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga, jakar silikon ta fito fili a cire ta, mafi muni kuma a ɗage allurar kemo ko gashi har sai rauni ya warke, alhali ciwon daji ba ya jiran kowa.

Yunƙurin farko na ganin jinin da ido ya zo ta hanyar rini. Akwai wani rini mai suna fulorasin da aka haɗa a Jamus a 1871. A 1942 Kurt Lange da Linn Boyd a Niyok suka yi allurarsa a jijiya suka haska fata da fitila ta musamman a cikin duhu, duk inda jini ya kai sai ya yi walƙiya rawaya-kore. A ƙarshen shekarun 1970 ya shiga aikin faci da na mama. Yana da aibi. Yana tsiyayewa daga jijiya ya zauna a nama, ya mai da mai jinya rawaya tsawon sa'o'i, ba a iya maimaita shi nan take, wasu kuma yana sa su amai ko jiki ya ƙi shi. A fata mai duhu ma karanta shi ya fi wuya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na biyu kunne ne ya ba da shi. Ka tsaya bakin titin Gusau zuwa Funtuwa, tirela ta taho tana hon, za ka ji sautin ya yi sama, tana wucewa ya faɗo ƙasa. Christian Doppler ya bayyana dalilin haka a 1842, sai a shekarun 1950 Shigeo Satomura a Osaka ya juya shi ya zama na'urar jin motsin jini. Matan da ke zuwa awon ciki sun san 'yar'uwarta, ita ce wadda ake ɗorawa a ciki a ji bugun zuciyar jariri. Likitan gyara yana yawo da ita a kan mara yana saurare, inda ya ji shuu-shuu ya ɗiga alama da biro. A 1988 William Swartz ya ƙirƙiro wata 'yar ƙarama da ake naɗawa a jikin jijiyar da aka jona, waya ta fito waje, a yi ta jin ta dare da rana. A 2006 kuma likitoci a Sifen suka fara ɗaukar hoton siti na jijiyoyin ciki kafin ranar aiki, likita ya shiga tiyata ya riga ya san wace jijiya zai nema da inda take.

Na uku shi ne wanda ake ta yayi yanzu, kuma asalinsa daga masu hoto ne. Kamfanin Kodak ne ya haɗa wani koren rini a 1955, sunansa indosayanin, likitoci na taƙaita shi ICG. A ƙarshen shekarun 1950 aka amince da shi a Amurka, aka yi ta amfani da shi wajen auna aikin hanta da ƙarfin zuciya, daga baya likitocin ido suka ɗauka. Abin da ya bambanta shi da na farkon, yana shiga jini sai ya manne wa furotin ɗin cikinsa, ba ya tsiyayewa waje. Cikin minti uku zuwa huɗu hanta ta kwashe rabinsa, don haka ana iya maimaitawa a aiki ɗaya. Hasken da yake fitarwa idon mutum ba ya ganinsa, sai kyamara ta musamman, kuma yana ratso fata 'yan milimitoci. A yi allurar, a rage fitila, kafin minti guda allo ya fara haske: inda ya yi fari jini ya kai, inda ya zauna baƙi ƙirin akwai matsala. Likita ya datse wurin tun mai jinya tana barci, maimakon ya gano bayan kwana biyar. Wani kamfanin Kanada, Novadaq, ya sami izinin na'urarsa mai suna SPY a 2005, da farko don aikin zuciya, a 2017 kuma Stryker ya saye kamfanin a kan kimanin dala miliyan 700.

Yana aiki kuwa? A 2010 likitoci a Jami'ar Stanford suka ba da rahoton cewa matsaloli sun sauko daga kashi 15 zuwa kashi 4, sai dai ayyuka 24 kacal suka yi da kyamarar. A 2020 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike, ta duba abin da aka tara ta ce akwai alamar amfani amma hujjar tana da rauni sosai. An kuma lura kyamarar tana da tsoro, takan nuna fata ta mutu alhali da an bar ta za ta farfaɗo. Ni a ganina kayan aiki ne mai kyau da talla ta riga hujja isa kasuwa.

Yanzu mu dawo gida. Littattafan da aka koyar da duniya da su suna cewa in faci ya yi fari fat jini ba ya shiga, in ya yi shuɗi jini ba ya fita. A jikin wa? A jikin Bature. A fatar Bazamfariya wannan sauyin launi ba ya fitowa da wuri, kafin ido ya kama shi lokaci ya tafi. Shi ya sa likitan da ya saba da mu yake haɗawa da wasu alamu. Ya taɓa ya ji ɗumi, ya ji ko ya kumbura ya yi tauri, ya soka 'yar allura ya duba jinin da zai fito. Ja mai haske, lafiya. Baƙi-baƙi mai saurin fita, jini ya taru ba mafita. Babu komai, a koma tiyata yanzu-yanzu. Injin ma ba ya kuɓuta daga wannan. A 2020 wani bincike a Mishigan ya nuna 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta fi kuskuren ɓoye ƙarancin iskar jini a baƙar fata, kusan ninki uku. Duk na'urar da ke aiki da haske, kafin a yi mata tafi, a tambaya a jikin su wa aka gwada ta.

Wani abin dariya, in jini ya taru a faci ya rasa mafita, manyan asibitocin Turai da Amurka matsattsaku suke ɗorawa ya zuƙe. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2004. Wanzamanmu masu ƙaho za su ce ai mun faɗa. Sai dai nasu a ɗakin gwaji ake kiwonsa, ana kuma haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada wani ya nufi tafki.

Kada kuma a ɗauka aikin faci baƙo ne a ƙasarmu. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999. Ba noman gona ba, wata cuta ce da ke cinye kumatu da leɓen yaro mai tamowa. A can ana juyo da fata daga ƙirji ko goshi ko wuya a gina fuska, ƙungiyar MSF tana tallafa wa asibitin tun 2014, kuma yaran Zamfara suna cikin waɗanda ake kai wa. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Tambayar da likita ke yi a kan kumatun yaron nan ita ce dai wadda ake yi a kan ƙirjin mace a Landan.

Wani zai ce, mutanen da ke fama da kuɗin mota zuwa Gusau, da hanyar da ba a bi in rana ta yi sanyi, ina su ina koren rini? Yana da gaskiya rabi. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya ba Najeriya sabbin masu dajin mama sama da 32,000, da mace-mace sama da 16,000. Mafi yawan matanmu suna isa asibiti ciwo ya riga ya yi nisa, wani lokaci ya fashe, inda aikin facin ma na rufe rauni ne kawai. Daga Gusau, mai buƙatar gashi sai ta dangana da Sakkwato ko Zariya ko gaba. Abin da ya fi gaggawa shi ne zuwa da wuri, da gwajin tsokar ƙari, da injin gashi mai aiki.

Ɗaya rabin kuma ga shi. Me ya sa mace take ɓoye ƙullutu wata shida, shekara, tana shafe-shafe? Kuɗi na ciki, nisa na ciki, amma tsoron a yanke mata mama yana gaba-gaba. Kuma tsoron ba na banza ba ne. Likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun bi matan aure 81 da aka cire wa mama, suka wallafa a 2010 cewa bayan shekara uku kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajen. Wannan adadi ba na likitoci ba ne, namu ne mu maza, kuma abin kunya ne. To matar da ta san haka, in aka ce mata akwai gyara bayan yanka, watakila ta fito tun ƙullutun yana kamar gyaɗa. A Amurka tun 1998 doka ta tilasta wa inshorar da ta biya kuɗin cirewa ta biya na sake ginawa.

Masu tambayar hukunci kuma, malamai suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar mai da gaɓa yadda take, har da mama bayan an cire shi.

Akwai ɗan haske ta ɓangaren araha. Nama mai jini ya fi ɗumi, kuma yanzu akwai 'yar kyamarar zafi da ake jonawa a wayar hannu, irin su FLIR One, kuɗinta 'yan ɗaruruwan daloli. Likitoci a Ingila sun nuna a 2016 cewa tana nuna inda jijiyoyin suke hudowa, ba allura ba rini. Ba ta kai hoton siti ba, amma ita da dofla ta hannu asibiti kamar na Gusau zai iya mallaka. A kula dai, wannan kyamara ba ta gano ciwon daji. Duk wanda ya zo gari da na'urar zafi yana cewa zai duba mata daji da ita, a riƙe kuɗi.

Mafi yawan toshewar jijiyar da aka jona tana faruwa ne a kwana biyu zuwa uku na farko, kuma in an kama ta cikin 'yan sa'o'i ana iya ceto facin. Saboda haka a asibitocin da suka fi kowa kayan aiki ma, ranar farko nas ce ke zuwa duk bayan awa guda, da tocila da dofla, ta ɗaga zane, ta danna da yatsa, ta ƙirga, ta rubuta. Wadda ake shirin yi wa aikin tana da haƙƙin ta tambayi likita ko ana iya gyaran nan take ko sai bayan gashi, domin ana yinsa ko bayan shekaru. Ta faɗa masa in tana da ciwon suga, ko tana shan taba ko shisha, don suna ƙuntata ƙananan jijiyoyi. Ta faɗa in jikinta ya taɓa ƙin aidin, saboda koren rinin yana ɗauke da shi. Ta kuma tambaya wa zai riƙa duba ta a daren farko, kuma sau nawa.

Mu kwana nan.